Ranar da Baba Ya Ƙi Kiran Sunana

Na tsufa, abubuwa da yawa sun zube daga kaina, har sunayen jikokina sai na yi ta lalube kafin in kamo na wanda nake nufi. Amma akwai wata safiya a farfajiyar lekol, wato makarantar Nasara ta Gure, da ba za ta rabu da ni ba sai ranar da aka rufe ni da ƙasa. A shekarun alif ɗari tara da talatin da wani abu ne, ina ɗan shekara goma sha biyar ko sha shida, don mu a lokacin ba a rubuta ranar haihuwa.

Sai na fara da yadda na shiga lekol, in ba haka ba ba za a gane tsorona ba. Ƙauyenmu yana kan hanyar Kelle, tafiyar yini guda daga Gure. Wata shekara kumandan, Baturen da ke mulkin yankin, ya aiko cewa kowane bulama, wato mai gari, ya kawo ɗansa na fari makarantar Nasara. Mutanenmu kuwa gani suke duk yaron da ya shiga lekol ya bar salla ke nan, an yi asararsa. Bulamanmu ya dubi ɗansa ya ga ba zai iya ba, ya waiga gefe sai idonsa ya faɗa kaina. Mahaifina baransa ne. A gonar da ya ba mu muke ci, Baba ke haƙa rijiyoyin gari, in kuma bulama zai yi tafiya shi ke gaban doki. Ni ne ɗan farin Baba, tsarar ɗan bulama. Aka kai ni Gure, aka rubuta sunana, a wurin uba aka rubuta sunan bulama. Kafin bulama ya juya ya kama kunnena ya murɗe, ya ce, "In ka bari Nasara ya ji, ni kaso za a kai ni a kulle, kai a kore ka, ubanka kuma ya nemi wata gona a wani gari." Ba mu kaɗai muka yi wannan dabara ba, amma a ajinmu ba mai tambayar wani.

Abin dariyar shi ne, lekol ɗin da aka jefa ni cikinta don a tsirar da wani, ni sai ta karɓe ni. Karatu ya shiga kaina, na zama na ɗaya, kuma ban bar sallar ba. Malaminmu, da muke kira mushe, baƙo ne daga ƙasashen bakin teku, Hausarsa ba ta wuce ta sayen nama a kasuwa ba. Shekara bakwai yana kirana ɗan bulama, ina amsawa. Har na fara mantawa cewa a kan ƙarya nake zaune. Burina ɗaya ne, in ci jarrabawa in wuce babbar makarantar da ake horar da malamai da akawuna can yamma.

Daga wannan makarantar ce wasiƙa ta zo. Suna da biro guda, wato ofis, wanda aikinsa buga wani ɗan littafi mai hotuna da labaran makarantun ƙasa, ana raba wa kumandoji da sarakuna don a nuna musu lekol ba dodo ba ce. A wannan karon suna son shafi guda a kan Gure. An ba su labarin wani ɗan bulama da ke kan gaba a aji, to suna so yaron ya rubuta labarin mahaifinsa da hannunsa, a kuma ɗauke su hoto tare. Za su aiko da mutuminsu ya yi aikin da mu.

Mushe ya karanta wasiƙar a gaban aji har sau biyu, bakinsa ya ƙi rufuwa. Yara suka yi mini tafi. Ni kuwa tsoro ya sa na nemi izini na fita bayan gida, kuma ba ƙarya na yi ba.

Rubutun ya fara ba ni wahala. Me na sani game da bulama? Zaurensa na sani, da ƙarar muryarsa, da zafin yatsunsa a kunnena. Na zauna da kaye, littafin rubutuna, kwana biyu ban cika layi uku ba. Da na gaji sai na ce bari in rubuta wanda na sani, daga baya in sa masa rawani. Na rubuta yadda Baba yake sauka kwari da sassafe ya duba inda goruba ta yi yawa, yadda yake ɗiban rairayi mai danshi ya sa a harshe don ya san ko ruwan ƙasa yana da kanwa, yadda yake jera itace a jikin rijiya don kada ta rufta da mutum, da yadda yake tufka igiyar kaba yana riƙe da bakinta da ɗan yatsan ƙafa. Mushe ya karanta ya ɗaure fuska, ya ce da Faransanci wane irin shugaba ne yake shiga rami? Na ce a'a, ai sa wa yake a yi. Muka bi rubutun muna gyarawa, duk inda aka ce ya haƙa muka mayar da shi ya sa an haƙa. Mushe ya gamsu, ni ma na ɗan samu numfashi.

Bayan mako biyu mutumin biron ya iso cikin kamiyo, babbar motar da ke kawo wasiƙu, da wani akwatin hoto mai ƙafa uku. Dogo ne siriri, da tabarau, da kwat irin ta Nasara. Da na ji yadda yake zuba Faransanci da mushe sai na ce alhamdu lillahi, wannan ma baƙo ne, ba zai gane komai ba. Mushe na fita ya bar mu a aji, sai mutumin ya juyo ya ce, "Sannu samari, ina gajiya? Yaya mutanen gida?" Hausar Damagaram tsantsa, babu gauraye. Nan take na gane ɗan ƙasa ne.

Ya zaunar da ni kusa da shi, ya fitar da jan fensir. Tsarin aikinsa shi ne ya karanta layi ɗaya da ƙarfi, ya tsaya, ya tambaye ka yadda aka yi ka san abin. Ya ce, "Kada ka ji haushina. Ni abin da ban tabbatar ba ba ya shiga injinmu na buga littafi. Littafin nan zai je hannun mutanen da ba za su taɓa ganinka ba, su kuwa duk abin da aka buga gaskiya ne a wurinsu."

Muka fara. Layi na farko lafiya, na biyu lafiya. Da muka zo wurin rairayi sai ya tsaya.

"Ka ce mahaifinka yana sa a ɗanɗana ƙasa. Wa ke ɗanɗanawa?"

Na ce, "Masu yi masa aiki, Malam."

"To a nan ƙasa ka ce harshe yakan tsage da rani, har cin tuwo mai yaji ya gagara. Harshen wa?"

Wannan layin ya tsere mana ni da mushe. Na ce na gani ne a wurin masu aikin. Ya ce, "Lalle kana shiga cikin talakawan babanka sosai, har ka san abin da suke iya ci da abin da ba su iyawa." Bai yi dariya ba, bai ɗaure fuska ba, ya ɗiga jan fensir a gefen layin ya wuce. Wunin nan duka haka muka yi, yana tambaya ina ƙirƙira, kuma kowace amsa sai ta haifo wata tambayar. Ban taɓa gajiya da magana irin ta ranar ba.

An riga an aika wa bulama, ya iso Gure da yamma ya sauka a gidan wani ɗan'uwansa. Na so in je in gaya masa cewa baƙon nan ɗan ƙasa ne, a yi hattara, amma mushe ya tsare ni ina sake kwafe rubutun da tawada. Da safe, kafin rana ta yi ƙarfi, sai ga su a farfajiya. Bulama ya sha babbar riga kan babbar riga, rawani har yana rinjayar kansa. Baba yana gaban doki da 'yar taguwarsa, ƙafafunsa fari fat da ƙurar hanya. Wata biyar ban gan shi ba. Na durƙusa na gaida bulama da gaisuwar ɗa, shi kuwa Baba na ce masa sannu da hanya kamar yadda ake ce wa bara. Har yau in na tuna wannan sannun sai in ji ɗaci a bakina.

Akwai wata al'ada da yaran yanzu suka fara mantawa. A wurinmu uba ba ya kiran sunan ɗansa na fari, ba ya wasa da shi a gaban mutane, ba ya yabonsa. Kunya ce, kuma ba ƙaramar kunya ba. Tun da aka haife ni, a bakin Baba ni "kai" ne, ko "yaron nan", ko "wancan". In wani mai irin sunana ya zo gari, laƙabi Baba yake nema masa. Bulama ya san wannan sarai, don nasa ɗan farin bai taɓa ambatar sunansa ba. Amma ni ba nasa ba ne, ba abin da zai nauyaya masa harshe. Ga shi kuma ya ga mutum da kwat da tabarau, ya ɗauka irin su mushe ne, waɗanda sai sun ga uba yana rungumar ɗa suke yarda uba ne.

Sai bulama ya buɗe murya. Ya kira sunana, ya sake kira, ya ce in matso kusa. Ya dafa kaina, ya shafa, ya ce wa wani tafinta da ke wurin, wanda ba a ma nema ba, "A gaya wa baƙo wannan ɗana ne na fari, tun yana goyo na san zai yi ilimi." Ya sake kiran sunan, har da ɗan kirari. Ina ta ƙifta masa ido, shi kuwa yana jin ya iya. Mushe yana gefe yana murmushi, abin ya burge shi. Baba ya juya mana baya, ya sunkuya yana duba kofaton dokin da ba abin da ya same shi.

Mutumin biro ya kafa akwatinsa, ya shiga cikin baƙin ƙyalle, ya fito, ya fitar da ɗan littafinsa zai rubuta abin da za a sa a ƙarƙashin hoto. Bulama yana fama da gyaran rawani. Sai mutumin ya taka har wurin doki, ya yi wa Baba sallama da Hausa.

"Dattijo, kai da kake gidansu, wane suna aka raɗa wa yaron nan ranar suna? Na lekol wani lokaci yakan bambanta da na gida."

Baba ya miƙe, idonsa a ƙasa. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ai ga shi nan, a tambaye shi."

"Kai nake tambaya, Baba."

A cikin zuciyata ina ta roƙo, Baba faɗi, don Allah faɗi, kalma ɗaya ce. Duk wani bara zai faɗi sunan ɗan maigidansa ba tare da ya yi tunani ba. Baba ya buɗe baki, ya rufe. Ya naɗe linzami a hannunsa, ya kawar da fuska wajen katanga. Bulama ya farga da Hausar da ya ji, fuskarsa ta sauya, ya yi wata dariyar dole ya ce, "Rabu da shi, Malam, kunnensa ne ba ya ji sosai." Ya sake faɗin sunan da kansa, ya ƙara ɓata abin.

Mutumin ya cire tabarau ya goge. Ya dubi Baba, ya dube ni, ya sake duban Baba, a hankali, kamar mai gwada ƙwarya da murfinta. Ya koma cikin ƙyallensa, ya ce kada mu motsa, ya ɗauki hoton: bulama a zaune, ni a tsaye, hannunsa a kafaɗata.

Da aka watse ya kira ni aji, ya rufe ƙofa. Ya ce, "Samari, ni ma ɗan fari ne. Ubana har ya koma ga Allah bai taɓa kiran sunana ba. Wanne ne naka a cikin biyun nan ba sai na tambaya ba."

Ban san lokacin da na zube ƙasa ba. Na kama ƙafarsa ina kuka, na gaya masa komai, da kaso, da gona, da jarrabawar da ta rage wata huɗu. Na ce ya rufa mana asiri don Allah, ya buga hoton kawai, wa zai sani?

Ya ce, "Ni zan sani. Na gaya maka jiya, ba na buga abin da na san ba haka yake ba. Tashi, ka goge fuskarka." Na ce to me zai gaya wa kumandan? Ya ce, "Ka ba ni rubutunka na farko, wanda ba a gyara ba." Na ɗauko masa daga cikin kaye, ina gani na miƙa masa shaidar da za a kama mu da ita. Ya ninke ya sa a aljihu, ya buɗe ƙofa ya fita. Bai yi mini alkawarin komai ba.

Na zagaya bayan lekol inda aka ɗaure doki. Baba yana zaune shi kaɗai a inuwar bango. Tsoro ya juye mini ya zama fushi, na yi abin da ban taɓa yi ba, na tsaya a kansa ban durƙusa ba. Na ce, "Baba, me zai ragu a jikinka da ka faɗa sau ɗaya? Ka kashe ni, ka kashe kanka, saboda kunyar banza!" Ya ɗago ya dube ni, sannan ya tashi ya kwance doki ya ja shi wajen bulama. Ko uffan bai ce ba. Suka kama hanyar gida a ranar.

Wata uku na yi ina jiran abin da zai faɗo. Duk gardi, wato ɗan sandan kumandan, da ya bi ta ƙofar lekol sai in ce ni ya zo ɗauka. In mushe ya kira ni biro sai in ji fitsari. Na rame har mushe ya kai ni likita, aka ba ni wani magani mai ɗaci na zazzaɓin da ba ni da shi. Bulama ya aiko mini ta bakin wani mai kanwa cewa in abu ya ɓaci, in san inda ubana zai kwana. Daga Baba kuwa ba saƙo, ko gaisuwa. Karatun ma sai in buɗe littafi in yi ta kallon layi ɗaya.

Ranar da kamiyo ya kawo ƙunshin littattafan, mushe ya yanke igiya a gaban aji yana ɗoki. Ya buɗe shafin Gure sai murnarsa ta koma ciki. Babu hotona da bulama. Hoton ginin lekol ne, da mu duka a jere ƙanana, ba a gane fuskar kowa. A ƙarƙashinsa ga rubutuna na farko, an gyara Faransancin kawai, an sa masa taken yadda ake haƙa rijiya a ƙasar Gure, daga alƙalamin wani ɗalibi. Babu kalmar bulama ko ɗaya, babu kalmar uba. Duk inda na ce mahaifina an sa mai haƙa rijiya, kuma shi ke haƙawa da hannunsa, shi ke ɗanɗana rairayi. A cikin ƙunshin akwai 'yar takarda zuwa ga mushe, cewa gilashin da aka ɗauki ɗayan hoton a kansa ya fashe, kuma labarin rijiya ya fi dacewa da wannan fitowar. Mushe ya yi ta faɗa a kan masu kamiyo da rashin kula. Ni kuwa na kifa kaina a kan tebur, yara suka ɗauka baƙin cikin hoton ne ya sa ni kuka.

Na ci jarrabawar. Kafin in wuce yamma na je gida hutu da littafin a cikin rigata. Na iske Baba a kwari, bakin wata sabuwar rijiya, yana tufka. Na durƙusa na gaishe shi, na nemi gafarar abin da na faɗa. Bai amsa ba, bai kuma kore ni ba, sai na buɗe shafin na fara karanta masa ina juyawa da Hausa. Ya ci gaba da aikinsa, bayansa a gare ni. Da na gama ya ce, "Wanda ya rubuta wannan ya iya kallo." Can ya ce, "Ranar nan da ka yi mini faɗa, ba wai na rasa amsa ba ne. An karɓe ka an ba lekol, ban ce komai ba. An rubuta wani a matsayin ubanka, ban ce komai ba. Ka gaishe ni gaisuwar bara, na amsa. Abu ɗaya ya rage da yake nuna ni na haife ka, shi ne bakina ba ya iya ɗaukar sunan nan. In na faɗa a gaban mutane, to na zama baran gidanku da gaske."

Na ɗauki bakin igiyar na riƙe masa, ya ci gaba da tufka.

Na yi aikin malanta shekaru masu yawa, na kuma rubuta takardu a kan mutane ba iyaka, na yabo da na ƙara. Abin da na koya daga wancan mutumin biro shi ne, kafin ka sa mutum a takarda ka tambayi kanka wa za ta cutar in ta fita, don ba dole ba ne ka yi ƙarya, ba kuma dole ba ne ka tona duk abin da ka gani. Abin da na koya daga Baba ya fi wannan nauyi. Kada tsoro ya sa ka raina abin da talaka ya riƙe ya ƙi saki, mai yiwuwa shi kaɗai aka bar masa.